Uwar kamfani ba masana'anta ba ce

Mutane da yawa in suka ji sunan Berkshire Hathaway ko Alphabet mai kamfanin Google, sai su ɗauka wata ƙatuwar masana'anta ce mai injuna da hayaƙi. Ba haka ba ne. Irin wannan kamfani, wato uwar kamfani, sana'arsa mallakar wasu kamfanoni, ya riƙe hannun jarinsu, ya naɗa shugabanni, ya karɓi rabonsa na riba, ya sake zuba ta inda ya ga za ta haihu.

Dubi Berkshire. Asalinsa masaƙa ce, attajirin Amurka Warren Buffett ya karɓi ragamarsa a 1965, aka rufe saƙar a 1985. Yau shi ke da kamfanin inshora na GEICO da layin dogo na BNSF, ga jari a Coca-Cola. Amma babban ofishinsa da ke Omaha a Amurka ma'aikata ba su kai 30 ba, abin mamaki.

Wani kuskuren kuma, zaton cewa bashin 'ya'ya, wato kamfanonin da uwar kamfani ta mallaka, yana kan uwa. A doka kowanne mai zaman kansa ne. In ɗaya ya karye, masu bin bashi galibi ba sa taɓa dukiyar uwar, sai in ta tsaya masa.