Kod ɗin da ba ka karanta ba, da sunan wa za ka tura shi?

Ƙannena masu rubuta manhaja, yau na ga abin da ya ɓata mini rai. Wani yaro da muke aiki tare ya kawo gyaran kod (rubutun umarnin da manhaja ke bi) da aka ba shi, layi ya haura 200, cikin minti 20 ya gama. Na nuna masa wani layi na ce, "Wannan me yake yi?" Shiru. Can ya ce, "Yaya, ai ya yi aiki." Ashe ko layi ɗaya bai karanta ba. ChatGPT ne ya rubuta, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake hira da ita, shi kuwa ya kwafa ya liƙa.

Ba gaba nake da ƙirƙirarriyar basira ba, ni ma kullum ina amfani da ita. Tun da GitHub Copilot, mai taya rubuta kod, ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo baya a ƙarshen 2022, aikin da kan ci mana yini ya koma na awa ɗaya. Amma ku san abin da kuke riƙe da shi. Hasashen abin da ya dace ya biyo baya take yi, daga tarin rubutun da aka horar da ita. Ba ta san abokin cinikinku ba, kuma da gaskiya da kuskure duk murya ɗaya take faɗinsu. Takan ƙago sunan ƙunshin kod (shiryayyen kod da ake saukewa a yi amfani da shi) da babu shi a duniya, ɓarayin intanet su yi rajistar sunan su cusa guba, kai kuma ka sauke ido rufe. Tun Disambar 2022 Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ya hana saka amsoshin ChatGPT, saboda suna kama da daidai alhali da yawa ba daidai ba ne. Ko Andrej Karpathy, masanin ƙirƙirarriyar basira da ya yi maganar barin na'ura ta rubuta komai a 2025, ƙananan ayyukan gwaji ya ambata. Ku kuma da manhajar da ke riƙe da kuɗin mutane kuke yi!

Kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da manhaja ta tsaya da tsakar dare, wa za a kira? Kai. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sauri ya haifi nawa, gyaran minti 20 ya zama neman kuskure na kwana uku.

Kada ma a yi maganar masu liƙa kalmar sirrin kamfani a cikin hira da na'ura, ko masu jera yarukan kod goma a takardar neman aiki ba su iya ko ɗaya ba. Wannan cin amana ne.

Ku karanta, don Allah. Ku tambayi kanku dalili.

A da mutum kan kwana kan kuskure ɗaya, yana bin kod layi-layi har ya gane inda ya karkace, kuma ba ya sake mantawa. Kunya ce a tambaye ka aikinka ka kasa amsa. Yaron nan ko kunyar bai ji ba, mamaki ma yake yi don na tambaya.