A duba shi tukuna, sannan a tambayi kati

Tun jiya da la'asar raina yake a ɓace. Na danne zuciya na ƙi rubuta komai don kada in faɗi abin da zan yi nadama, na kwana, na tashi, ɓacin ran yana nan inda na bar shi. 'Yan rukuninmu na unguwa kun riga kun ga hoton Baba Maigadi a kan bencin asibitin nan, kansa jingine da bango, ƙafarsa ta kumbura har silifas ya ƙi shiga. Ba sai na maimaita ba. Abin da aka yi masa rashin imani ne, kuma duk wanda zai zo ƙarƙashin rubutun nan ya ce mini "ai doka ce", ya sani tun yanzu ban karɓa ba.

Awa huɗu dattijon nan yana zaune. Yarinyar da ke bayan taga, wadda ya yi jika da ita, ta karɓi katin inshorar lafiyarsa, ta danna kwamfuta, ta turo shi ta ƙasan gilashi ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce ya mutu. Baba ya juyo a firgice ya kama hannuna, ya ce, "Ɗana, wa ya rasu?" Na ce, "Baba, ba kowa, katinka ne wa'adinsa ya ƙare." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah Ya kyauta." Ya koma ya zauna kamar shi ne ya yi laifi. Wannan zaman nasa ne ya hana ni barci.

Na ce mata mutumin nan ya wuce saba'in nesa ba kusa ba, kuma dokar inshorar lafiya ta Ghana ta ɗauke wa duk wanda ya kai saba'in kuɗin shekara. Sai ta juyo mini fuskar kwamfuta: an haife shi 1958. Jama'a, mutumin da ya sauka a tashar Kumasi da gemu yana tsiro masa a shekarar da sojoji suka kifar da Nkrumah, 1966! Yana da shekara takwas ke nan ya taso shi kaɗai daga Dogon Dutsi ta Nijar ya zo ya fara dakon buhu a kasuwa? Ranar rajista wani ya kalli fuskarsa ya rubuta abin da ya zo masa a ka, Baba kuma bai iya karatun boko ba balle ya ce a gyara. A ƙauyen da aka haife shi wa yake da takardar haihuwa? Da shekarar fara da shekarar yunwa ake ƙirga haihuwa. Yanzu kuskuren alƙalamin wani ya zama hukunci a kan ƙafar da ke neman ruɓewa.

A duba shi tukuna, sannan a tambayi kati. Iyakar maganata ke nan, kuma zan yi ta faɗa har ku gaji da ni.

Wani ya rubuto mini ta akwati wai ai baƙo ne, ƙasa kuma 'ya'yanta take fara dubawa. Baƙo? Shekara kusan sittin. Ƙarfin ƙuruciyarsa a kasuwar Kumasi ya ƙare, wuyansa ya sha buhun goro da na masara, da ƙarfi ya ja baya ya koma gadi, shekara da shekaru yana kwana da sanda da tocila a ƙofar shagon wasu, sauro na cinsa, su suna barci a gida. Kuma ku masu son lissafi, bari mu yi lissafi. Da me ake cika asusun inshorar nan? Kaso mafi tsoka daga harajin nan ne na kashi biyu da rabi cikin ɗari da ake ɗorawa kan kaya. Ranar da Baba ya sayi batir ɗin rediyonsa, ko sabulu, ko katin waya, akwai wanda ya tsayar da shi ya ce daga ina kake? Babu. An karɓa, an sa a aljihu. Lokacin karɓa ɗan gida ne, lokacin magani ya zama baƙo. Ita kanta dokar inshorar ta 2012 da ta maye gurbin ta 2003 mazaunin ƙasa ta ambata, ba ta ware masu asali kaɗai ba.

Kuma ku tuna dalilin da ya sa gwamnatin Kufuor ta kawo inshorar tun farko. Tsarin biya kafin magani ne ya ishi mutane, ana ajiye mara lafiya a baranda har sai dangi sun haɗo kuɗi. Iyayenmu sun ga wannan zamanin, sun binne mutane saboda shi. To idan yau tsoho zai zauna awa huɗu ba a ko auna jininsa ba saboda kwanan wata a jikin roba, me aka canza? Da kuɗi ake tambaya a bakin ƙofa, yanzu kati.

Sai masu cewa ai sabunta kati ba wuya, danna *929# kawai za ka yi a waya. Ku je ku faɗa wa Baba haka. Wayarsa an rufe layinta tun lokacin da aka ce sai an haɗa kowane layi da katin Ghana, wato katin shaida na ƙasa. Katin Ghana na 'yan ƙasa ba zai samu ba, na baƙi kuma kuɗinsa da dala ake lissafa shi, a riƙa sabuntawa kowace shekara da wani kuɗin. Mutumin da abincin darensa sai maƙwabta sun aiko. Idonsa ma ba ya ganin lambobin. An ɗauki tsani an jingina a inda mai ƙafa biyu kaɗai zai hau, sannan ana mamakin gurgu bai iso ba.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba a cika magana a kanta ba. Wanda ya yi aikin ofis ya yi ritaya a shekara sittin, yana karɓar fansho daga SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, an ɗauke masa kuɗin shekara. Ɗan dako da maigadi da mai sayar da ruwa, waɗanda jikinsu ya fi saurin karyewa, babu wanda ya taɓa rubuta sunansu a wani littafi, su sai sun jira saba'in. Shekaru goman nan da ke tsakani su ne na hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa. Tsofaffinmu na zango nawa ne suka kai saba'in ɗin da ƙafafunsu?

"To ya koma gida mana." Wane gida? An taɓa mayar da shi ai. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Baba yana cikin waɗanda aka loda a bayan manyan motoci. Ya ba ni labarin ba sau ɗaya ba, yadda mutane suka sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin goro. Bayan Acheampong ya hau a 1972 ya dawo, domin a nan rayuwarsa take. Matarsa a nan aka binne ta. A Dogon Dutsi waɗanda suka san shi duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokin ƙannensa ko sunansa ba su sani ba. Kada kuma wani ya kawo mini maganar korar da Najeriya ta yi wa 'yan Ghana a 1983. Wancan ma zalunci ne, kuma ba Baba ne ya sa hannu a takardar ba. Shi ɗan Nijar ne ma.

Ni abin da ya fi ci mini rai, kamar mutane sun manta zango ba jiya aka kafa shi ba. Fataken goro suna zuwa Salaga tun kafin Turawa su ja iyaka. Malam Umaru, haifaffen Kano, a Kete Karachi ya koyar har ya rasu a 1934. Babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da kowa yake zuwa neman albarkarsa, daga cikin al'ummar nan ya fito. Idan zaɓe ya ƙarato ana sanin hanyar unguwanninmu irin su Aboabo da Nima, ana iya gaisuwa da Hausa. A bakin tagar asibiti ne kaɗai ake rasa mai jin yarenmu.

Zan faɗi gaskiya guda, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wata nas, dattijuwa ita ma, tana wucewa ta hango ƙafar. Ta tsaya, ta durƙusa a gabansa, ta taɓa wurin da yatsa biyu, ta ce masa "Baba, sannu" da 'yar Hausarta. Ba ta tambayi kati ba. Ta ɗauko abin awo ta ɗaura masa a hannu, na ga fuskarta ta canza, nan take ta sa aka shigar da shi. Jininsa ya haura ɗari biyu. Minti biyar ta ɗauka. Allah Ya saka mata da alheri, Ya ba ta masu jin ƙanta ranar nata tsufan. Amma bai kamata ran tsoho ya rataya a kan ko mai tausayi za ta bi ta barandar ba. Da ta bi ta ɗaya hanyar fa? Abin da ta yi don Allah shi ya kamata ya zama ƙa'ida a rubuce, a manna a bango: mai furfura ya zo da ciwo, a duba shi tukuna, kati ya biyo baya.

Mu ma 'yan zango ban wanke mu ba. Da rasuwa Baba ya yi jiya, kafin magariba an haɗa kuɗin likkafani da na shinkafar sadakar uku, har da ragowa. Amma wata bakwai katinsa yana mace a aljihun rigarsa, muna sahu ɗaya da shi sau biyar a rana, ba wanda ya ce Baba kawo in gani. Har da ni. Ranar Juma'a bayan an sallame zan zauna a ƙofar masallaci da wayata, duk mai tsoho a gida ya kawo katinsa mu duba. Masu shekarun da aka rubuta ba daidai ba za mu tara sunayensu mu kai wa sarkin zango, a san yadda za a bi.

Af, wanda ya ari keken guragun masallaci tun cikin azumi, don Allah ya dawo da shi. Jiya a baya na goya Baba daga ɗakinsa har bakin titi, muka tsallake kwatar nan da ta karye tun damina, da ƙyar muka samu tasi. Keken nan sadakar wata baiwar Allah ce ga unguwa gaba ɗaya. Ba na son kiran suna, amma ladan ya san gidan da aka kai shi.