Yara na ƙi karatu, sai kill -9

Jiya da dare a fada, muna shan shayi, wani ƙanena da ke koyon furogiram ya juyo mini kwamfutarsa, wai shirinsa na C ya haukace. Zare huɗu ya buɗe, wato hanyoyin aiki huɗu masu tafiya lokaci guda cikin shiri ɗaya, yana haifar da 'ya'yan furosas, wato wasu shirye-shirye masu aiki ƙarƙashinsa, sun mutu sun zama zombi, gawarwakin da uban bai kwashe ba, jere a allo. Na ce to mi ka yi? Ya ce kill -9, umarnin kashe shiri da ƙarfi, ya sake tadawa, sau na shida kenan. Wallahi raina ya ɓaci.

Ƙanena, da ku duka irinsa, mi ya hana ku buga man 7 signal, shafin bayanin sigina, wato saƙon da ake aika wa furosas, ku karanta? Kyauta ne, yana cikin injin, ko kuɗin intanet ba ya ci. Shi yana zaton kowane ɗa ya mutu SIGCHLD ɗaya, siginan da ke sanar da uban mutuwar ɗa, zai iso. Ina! Sigina irin na 1 zuwa 31 ba sa layi. Kamar mai sallama ne a zaure, in an toshe kunne ko sau goma ya yi, karnel, wato zuciyar Linux, alama ɗaya tak ke ajiyewa tana jira, shi ya sa ake kiran waitpid a madauki har sai an kwashe gawarwakin duka. Masu bin layi su ne na SIGRTMIN zuwa SIGRTMAX. Rubuce yake fa, amma ba a karantawa.

Kuma yana rantsuwa zaren farko ne kawai zai amsa. Sigina da aka aika wa furosas gaba ɗaya, duk zaren da bai toshe shi ba yana iya ɗauka, don kowane zare da abin toshe kunnensa, amma handila, wato kod ɗin da ke amsa sigina, ɗaya ce ga gidan duka. In kowa ya toshe, sai siginan ya zauna jira. Na buɗe masa /proc, fayil ɗin status, na nuna masa layukan siginan da ke jira, SigPnd na zaren da ShdPnd na gidan, ya ce bai taɓa gani ba. Wata shida yana Linux!

Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanga ƙin sani ne. A kwaso kod daga ChatGPT a manna, a zuba printf, mai buga rubutu a allo, cikin handila, shirin ya maƙale a zagi injin. Awa uku kuwa kuna iya yi a TikTok, da gardamar ƙwallo har asuba.

Mu da munka koya a sibar kafe, sa'a guda muke biya, mu kwafe shafin da hannu a kaye kafin kuran ya tafi, mu je gida mu yi ta bita da fitila. Yanzu komi na aljihunku kuma an raina karatu.

Ku dai natsu ku karanta. Shi na ce masa ya nemo pthread_sigmask na toshe sigina da sigwait na jiransa, ya ce to yaya, ya koma danna waya.