Kafin Ka Ce Ka Gama Koyo

Ƙannena masu koyon sana'a, akwai wani hali da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya yi wata uku a shagon maigidansa, bai ma iya riƙe kayan aiki ba, sai ka ji wai zai buɗe nasa, har ya buga suna a Facebook. Ku zo in ba ku labarin wasu mutane.

A shekarar 1866 aka buga Littafi Mai Tsarki na Kirista a birnin Tours na ƙasar Faransa, da hotuna sama da 200 na mai zane Gustave Doré. Sunan Doré ya zaga duniya. Amma ba hannunsa kaɗai ya yi aikin ba. Shi zai zana a kan katako, sai masassaƙa irin su Héliodore Pisan su karɓa. Katakon na wani itace ne mai tsananin tauri, ana yanka shi a gicciye a goge ya yi sumul. Masassaƙi zai duƙa da ɗan ƙarfe mai tsini yana cire duk inda ake so ya fito fari, ya bar inda tawada za ta kama. Layi ɗaya bayan ɗaya, siriri kamar gashi. Komai kuma a juye yake, kamar a madubi, domin sai an danna a takarda dama ke komawa hagu. Da dare wasunsu kan ajiye tulun gilashi cike da ruwa a gaban fitila don ya tattara haske a kan katakon.

Kuma yankan nan zarar bunu ne. In hannu ya zame, sai dai a huda wurin, a cusa sabon guntun itace, a goge, a sake. Wane ne zai yi wannan da ilimin wata uku?

Thomas Bewick na Ingila, wanda ya ɗaukaka wannan salo tun kafin zamanin Doré, yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyo a Newcastle a 1767. Shekara bakwai cur ya yi a ƙarƙashin maigidansa, Ralph Beilby. Bakwai fa! Wasunmu ko bakwai na watanni sun yi musu yawa, da maigida ya ɗaga murya sai su tattara nasu ya nasu.

Ban ce ku zauna a ci guminku ba, wannan zance ne daban. Abin da nake faɗa shi ne, teloli da kafintoci da masu gyaran waya, ku bar hannu ya nuna kafin baki ya yi shela. In kun samu ɗaya daga cikin hotunan nan a intanet, ku ƙara girmansa, ku duba ƙasa. Sunan Doré na kusurwa ɗaya, na masassaƙin na ɗaya kusurwar, ɗan ƙarami, sai an ƙura ido.