Rabi ta koma, mu kuma muka tafa

Duk wanda ya tashi a Kano lokacin da ake hayar kaset a Bata da Ƙofar Wambai ya san ba yau aka fara fim a kan gidan auren da ya ƙi daɗi ba. Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, ba cin amanar ce ke tayar mana da hankali ba. Abin da matar ta yi bayan an ci amanarta, a nan ake raba gari.

Ɗauki labarin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a littafi a 1990, daga baya aka mai da shi fim. Alhaji Abdu ya kwaso karuwa ya aura, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Da shagonsa ya ƙone, amarya ta nuna halinta, sai aka taru a kan Rabi har ta koma. Gwaggona, Allah ya jiƙanta, kullum cewa take yi wai haƙuri ne ya yi rana. Ni kuwa ban ga inda aka tambayi Rabi ko tana son komawar ba.

Indiyawan da muka koyi fim a wurinsu, tun zamanin silimar Plaza da Eldorado, su ma haka suka yi fama. Silsila na 1981 ya nuna magidanci yana neman tsohuwar budurwarsa, ya ƙare da mayar da shi wurin matarsa, duk da haka bai yi kasuwa ba. Shekara guda bayansa Arth ya zo, inda miji ya dawo yana ban haƙuri, matar ta ce a kai kasuwa.

Irin wannan ƙarshen ne 'yan fim ɗinmu suke tsoro, musamman bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, lokacin da zargin ɓata tarbiyya ya isa ya durƙusar da furodusa. Na fahimci masu cewa kada fim ya koya wa mata raina aure. To amma ai ba fim ne ya cika kotunan shari'a da ofishin Hisba na Sharaɗa da matan da ke neman a raba su da mazajensu ba. Da ƙafarsu suke zuwa, da goyo a baya, wasu ma ko kuɗin adaidaita sai an ba su aro.