Titi kam mun ji, wutar fa?

Wallahi ni abin da ke ƙona min rai a maganar titin Sakkwato zuwa Badagry shi ne yadda wasu ke ta kaɗa mana ganga, wai da zarar an shimfiɗa kwaltar nan mai tsawon kilomita sama da 1,000 shi ke nan arziki ya sauka a Arewa. Wane arziki? Me za a ɗauko a kai?

Titi dai amfaninsa a kai kaya kasuwa, to kayan suna ina. Ka leƙa Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano ka ga masana'antu nawa ne injinsu ke juyawa, da yawa sun koma sito ana jibge kayan China a ciki, Kakuri ta Kaduna kuwa ba a magana, masaƙun da suka riƙe dubban magidanta ciyawa ta cinye su. Kuma rashin wuta ne ya durƙusar da su, ga tsadar dizal ga fasa-ƙwauri. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana ta lallaɓa megawat 4,000 zuwa 5,000 na lantarki, shi ma babban layin wuta na ƙasa ya faɗi yau ya tashi gobe.

Ko har mun manta da Oktoban 2024 ne, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna jihohin Arewa suka yi sama da mako a duhu? Mai walda ya rufe shago ya koma gindin bishiya, mai ƙanƙara na kallon jarinsa na narkewa, mai markaɗe ya ninka kuɗi don fetur yake sha, har cajin waya sai da layi.

Tashar wutar ruwa ta Mambilla a Taraba kuwa tun muna yara ake mana tatsuniyarta, megawat 3,050 a takarda, amma labarin da aka fi ji a kanta shi ne na shari'a da ɗan kwangila a Faris. Bututun gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614 tun 2020 Buhari ya ƙaddamar da aikinsa, wa'adin gamawa kullum sai an ƙara matsar da shi gaba, alhali gas ɗin nan ne zai iya tayar da injinan Kano da Kaduna.

Masu cewa ai kowane irin gini ci gaba ne, su je su bi titin Abuja zuwa Kano da aka ba da kwangilarsa tun 2017 su dawo mu yi magana. Gaskiyar ita ce titi ya fi daɗin yanka kirtani da ɗaukar hoto, taransifoma kuwa ba ta cika fosta.

A gama AKK tukuna. Gwamnoninmu kuma tun 2023 doka ta ba jihohi damar samar da wutarsu su sayar, ga rana nan tana dukanmu kyauta, amma su gadar sama suke ta gasar ginawa a garin da tela ke zaman jiran Nepa har la'asar.