Titin jama'a ba filin tsere ba ne

Masu kare tseren mota a kan titi hujja biyu suke kawowa: wai direbobin ƙwararru ne, kuma sai dare ya raba ake yi, lokacin da hanya ba kowa. Lissafi kaɗan ya isa ya rushe duka biyun.

A kan busasshiyar kwalta, da tayoyi masu kyau, motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana bukatar kimanin mita 20 kafin ta tsaya bayan an taka birki. Idan aka ninka gudun zuwa 120, tazarar ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi, kusan mita 80. Kafin ma ƙafa ta bar totur ta hau birki sakan guda ya wuce, motar ta ci wasu mita 33. Sama da mita 110 ke nan. Ita kuwa ƙaramar fitila abin da take haskawa bai wuce mita 50 zuwa 60 ba. Wato lokacin da direba zai hango mai tsallaka titi ko babbar motar da ta lalace a hanya, aikin gama ya gama. Ƙwarewa ba ta ƙara wa fitila haske, daren da ake fakewa da shi kuma shi ne babban makamin hatsarin.

Motar gida ma ba don wannan aka ƙera ta ba. Man birki irin DOT 4 sabonsa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius yake tafasa, amma idan ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 155. Taka birki da ƙarfi a jere sau da yawa ya isa ya kai shi can, sai feda ta nutse ƙasa mota ba ta tsaya ba. Taya mai ƙarancin iska kuma zafi take ɗauka har ta fashe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum na uku. Masu tseren sun yarda su sayar da ransu, amma wanda ya taso daga aikin dare ba wanda ya nemi yardarsa. A Fabrairun 2016 wasu matasa biyu suka yi tsere a tsakiyar Berlin, babban birnin Jamus, suna keta jar danja da gudun da ya kai kilomita 160, ɗaya ya daki motar wani dattijo mai shekara 69, ya mutu nan take. A 2017 Jamus ta mayar da tseren titi babban laifi, da ɗaurin da zai iya kai shekara 10 idan an rasa rai. A ganina hakan daidai ne, kuma bai kamata a jira sai an zubar da jini kafin a ƙwace mota da lasisi ba.

Sai dai hukunci kaɗai ba ya kashe sha'awar gudu, kuma sha'awar ba laifi ba ce. A 1951 wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar shirya tseren mota ta NHRA a Amurka domin janye matasa daga tituna zuwa filaye na musamman. A irin wannan fili kowa hanya ɗaya ya dosa, babu mahaɗa, babu mai tafiya a ƙasa. Ana duba birki da taya kafin a bar mota ta shiga, direba na sanye da hular kwano da bel, 'yan kallo suna bayan shinge, motar asibiti da ta kashe gobara suna jira. Hukumar da ke son tituna su huta sai ta buɗe irin wannan fili da kuɗin shiga da matashi zai iya biya, sannan ta haɗa masu tare hanya da masu shirya tseren cikin waɗanda za a gurfanar.